Daga Dakoro zuwa Kano da Tiyo a Baki

Mun kai Kornaka da hantsi, a bayan kamyo, wato babbar motar kaya, ta wani Alhaji mai fatu, ni da matata Habsu da jaririyar da aka haifa mana jiya-jiya, wadda ko suna ba ta da shi tukuna. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Hanyar Dakoro zuwa Maradi a wancan zamani rairayi ce zalla, mota na tafiya tana haƙa. Ina zaune bisa ƙunshin fatun awaki, na tallafe yarinya a tsaye a ƙirjina, ga wani siririn tiyo na roba a bakina. Duk wanda ya hau motar sai ya dube ni ya sake dubana.

Sunana Sale, wanzami ne ni, ubana wanzami, kakana wanzami. Aski, ƙaho, tsaga, kaciya, cire hakin wuya, babu wanda ban gada ba, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. An haifi yarinyar nan da safiyar Laraba, kafin azahar sai ga kumfa tana fita ta bakinta da hancinta. Surukata ta ɗiga mata ruwan dabino, sai ta shaƙe, ta yi baƙi ƙirin, har muka ce ta tafi. Tsofaffin gida suka ce ai magana a fili take, hakin wuya ne, ɗan naman nan da ke reto can cikin baki, ga mai cire shi kuma a gida, me ake jira? Na buɗe zabira, na ɗauko ƙarfe, na danne harshenta na leƙa. Hakin wuyan ɗan ƙarami ne, lafiyarsa lau. Nan take na tuna da wani jaririn Fulani can wajen Mai Yara, shekara biyu da suka wuce, mai kumfa irin wannan sak. Na cire masa, aka dama mini fura na sha, aka yi mini godiya, bai ƙara kwana biyu a duniya ba. Hannuna ya ƙi. Surukata ta ce to, yau wanzamin gari ya zama matsoraci a ɗakinsa. Na ce na ji.

Majo, wato babban mai ba da magani a gidan likitan garinmu, shi ya gane abin. Ya zura mata tiyon nan ta baki, ya shiga kamar tsawon yatsa da ɗan ɗori, ya tsaya cak. Ya ce hanyar abincinta ba ta kai ciki ba, a ƙirji ta tsaya ta rufe kamar aljihu. Duk abin da ta haɗiya, ko da yawunta ne, sai aljihun ya cika ya malala cikin huhu. Ya ce ya taɓa jin ana ɗinke shi a manyan garuruwa, amma shi bai taɓa gani ba. Ya ɗora mini abu uku: kada ko ɗigon ruwa ya shiga bakinta, kanta kullum ya zauna a sama, in kuma riƙa zuƙe yawun kafin ya taru. Yana ta kame-kamen yadda zai koya mini zuƙa, na ce masa, "Majo, shekara goma sha biyar ina zuƙar ƙaho a bayan mutane. Ba ni nan."

To abin da nake yi ke nan a bayan kamyo. In na ji numfashinta ya fara kurkur, sai in zura mata tiyo a hankali, in zuƙa, in tofar ta bayan mota, in jira. Ba na iya ƙirga sau nawa.

A Kornaka wata tsohuwa ta hau da ƙwaryar nono a kanta da buta a hannu. Ta zauna daf da Habsu tana kallon yarinya na tsotsar leɓenta, tana kuka siriri. Mota ta kafe a rairayi, maza suka sauka turi, ni ma na miƙa wa Habsu yarinya na dira. Ina waiwayowa sai na ga tsohuwar nan ta jiƙa yatsa a buta tana kai shi bakin ɗiyata. Wallahi ban san lokacin da na haye motar ba. Na buge hannunta, buta ta faɗi, na daka mata tsawar da ko jaki ba a yi wa. Mata suka yi mini caa, wai wane irin uba ne wannan da zai kashe jinjira da ƙishi, ya kuma ɗaga hannu ga sa'ar uwarsa. Kunya ta kama ni, haushi kuma bai sake ni ba. Habsu ce ta yi musu bayani, da muryarta ƙasa-ƙasa kamar kullum.

Tsohuwar ta ɗauki butarta. Can sai ta kwance mayafinta, ta jiƙa shi da sauran ruwan, ta miƙe tsaye ta yi wa yarinya inuwa da shi. Daga nan har kusa da Maradi hannayenta na sama, in ta gaji ta sauke ɗaya ta bar ɗaya. Da za ta sauka na durƙusa na ce, Inna, ki yafe mini. Ta ce ta yafe, amma in rage zafin kai, don hanya da sauran nisa.

Abin da ya fi ci mini rai a ranar shi ne Habsu. Mai jego ce ta kwana ɗaya. Uwarta ta rantse in ta bar wankan jego sanyi zai shige ta ya kumbura ta, ita kuwa ta ɗaura zane ta ce inda ɗiyarta za ta, can za ta. Duk inda mota ta tsaya sai ta zagaya bayan wani kalgo ta tatse nononta a ƙasa, saboda ya cika yana yi mata zogi. Sau ɗaya ta dawo idanunta jawur ta ce, "Wanzam, nonona na zuba a rairayi, ɗiyata kuma na kukan yunwa. Wannan wane irin abu ne?" Na ji kamar in yi kuka, sai na sa tiyo a baki.

Mun shiga Maradi da la'asar. Likitan can anasara ne, gajere mai gashi a hannu. Ya karanta takardar Majo, ya zura nasa tiyon, shi ma ya tsaya inda na Majo ya tsaya. Ya ɗora abin sauraronsa a ƙirjinta, ya daɗe yana ji, sa'an nan ya tambayi tafinta wa ke zuƙe mata yawu. Aka nuna ni. Ya dube ni, da rigata duk warin fata, ya gyaɗa kai. Ya yi mata allurar ruwa a ƙarƙashin fata har wurin ya tasa, ya ce wannan ne abin shanta zuwa gobe. Ya ce shi ba shi da kayan wannan aiki, Yamai kuma ta yi nisa, yarinya ba za ta kai ba. Amma ya san wani likita a Kano da ke buɗe ƙirjin jarirai. Ya rubuta masa takarda da turancin Ingilishi. Na naɗe ta na cusa cikin hulata.

Ni kuwa ban taɓa wuce Maradi ba. Kano a wurina sunan da ke bakin fatake ne.

Da safiyar Juma'a muka sami motar gyaɗa mai zuwa Katsina. A kan iyaka ƴan duwan, wato ƴan kwastan, suka ce a sauke kaya duka, direba ya ce mana wannan aikin wuni ne. Na sauka da yarinya a ƙirji na nufi wani jandarma, Bazabarme ne dogo, yana zaune a inuwa yana shan taba. Na miƙa masa takarda, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ashe shi ma bai iya Ingilishi ba. Ya tambayi sunan yarinya, na ce sai Laraba in Allah ya kai ta. Daidai nan ta fara kurkur, na zura tiyo na zuƙa a gabansa. Ya jefar da tabar. Ban san abin da ya faɗa wa ƴan duwan ba, na dai ga an ɗage sanda. Direba ya yi ta sa wa ɗiyata albarka har muka yi nisa.

Muna tsallakawa sai na ga direba ya karkata ya kama hannun hagu. Na buga saman mota ina ihu cewa zai kashe mu, ya bar hanyarsa. Fasinja suka kwashe da dariya, wai haka ake tuƙi a ƙasar Ingilishi. Har Habsu ta murmusa, karo na farko tun Laraba.

A Katsina ba mu ko zauna ba, muka sake mota. Daga nan yarinya ta daina kuka, abin da ya fi kukan ba ni tsoro. Maɗigarta ta faɗa, cikinta ya ɗan kumbura. Leɓunana ni ma sun tsage, muƙamuƙina ya yi tsami, amma ko goro na ƙi ci don kada ɓarɓashinsa ya bi tiyo. Ina kallon gonakin dawa na wucewa, ina tunanin yanzu a gida an idar da salla, abokan aikina na ƙarƙashin bishiyar bedi suna wasa aska suna gulmar mutane. Kewar Dakoro ta kama ni kamar na shekara da barinta.

Kano ta ruɗa ni. Mutane, kekuna, motoci, kowa na sauri kamar an kore shi. Muna sauka a tasha sai ga wani mai farar riga wankakkiya, da alƙalami a aljihu, ya tarbe mu da fara'a. Ya ce, halan mutanen Faransa ne? Haka suke kiranmu a can. Ya ce ai uwarsa ƴar Tibiri ce, can kusa da Maradi, mu ƴan uwansa ne, asibiti kuwa nan kusa ne, ƙanensa ma can yake aiki. Ya karɓi ƙunshin kayanmu, ya karɓi zabirata ya rataya, wai in ji da yarinya. Na ce a raina, kai, ashe akwai mutanen kirki a birni. Muka bi shi cikin cunkoso. Yarinya ta shaƙe, na tsuguna na zuƙa, na tofar. Na ɗaga kai, babu farar riga, babu dalilinta.

Zabirar nan ta kakana ce. Asake bakwai ke ciki, da ƙahoni, da dutsen washi da ya sha hannun mutum uku. Na tsaya tsakiyar hanya ina zage-zage, na zagi mutumin, na zagi uwar tasa ta Tibiri, na haɗa da Kano gaba ɗaya. Habsu ta bar ni na yi mai isata, sa'an nan ta miƙa hannu ta taɓa hulata, ta ji takarda na nan. Ta dubi tiyo a wuyana. Ta ce, to, mu tafi. Wani mai amalanke da ya ga abin da ya faru ya ce mai jego ta hau, ya tura ta har ƙofar asibiti, ya juya tun kafin in gama yi masa godiya.

Wadda ta karɓe mu wata nas ce mai suna Ladi, kakkaura, mai faɗa kamar ni. Ta karanta takarda, ta fizge yarinya daga hannuna ta yi ciki da sauri, muna biye. Ta ce za a yi mata ƙarin ruwa, jijiyar hannu kuma ba ta samuwa, sai ta kai, don haka za a aske gefen kanta. Habsu ta dafe ƙirji. A wurinmu ba a taɓa gashin jariri kafin ranar suna, kuma ba kowa ke taɓa shi ba. Nas Ladi ta ce ita ba ta da lokacin al'ada. Na ce ni ma ba ni da shi, amma ɗiyar wanzami ce, in dai za a aske ta, ubanta zai aske. Ta harare ni, ta miƙo mini reza. Reza fa! Abin da nake yi wa ƴan lakwal, wato ƴan boko, dariya a kansa, ina cewa na masu tsoron aska ne. Na yi bisimilla na riƙe ta da yatsa biyu. Kafin ta gama jera kayanta na share wurin tas, jijiya ta fito raɗau, babu ko ƙwarzane. Ta duba, ta ce ashe bakin nawa da abin da ya taka.

Likitan mutumin kudu ne, siriri, mai tabarau, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, Nas Ladi ke fassarawa. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ya yi wannan aiki, kuma mafi yawan yaran ba su tashi ba, saboda kafin a kawo su an yi ta ɗura musu nono da ruwa da jiƙo har huhu ya ruɓe. Ya ce bayan aljihun akwai wata ɓarauniyar hanya tsakanin ciki da hanyar numfashi, sai ya ɗaure ta, sa'an nan ya jawo bakin hanyar abinci na sama da na ƙasa ya ɗinke, in sun kai juna. Ya saurari ƙirjinta, gaba da baya, ya sake saurara. Ya yi wata magana, Nas Ladi ta juyo gare ni.

"Ya ce kwana nawa kuka yi a hanya?"

"Yau na biyu. Haihuwa kuma na uku."

"Ya ce bai taɓa samun wanda ya zo daga nesa da huhu mai tsabta haka ba. Wai wace na'ura kuka yi aiki da ita?"

Na ciro tiyo daga wuyana na nuna masa, na nuna bakina. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce gobe da safe zai shiga da ita, sauran na Allah ne.

Ranar Asabar suka shiga da ita da hantsi, ba su fito ba sai bayan azahar. Ni da ke yanka mutane tun ina saurayi, ranar na san abin da iyaye ke ji in na ɗauko aska. Na kasa zama, na fita ƙofar asibiti. A gindin wata bishiya na ga wani tsohon wanzami yana yi wa mutum aski, na tsaya ina kallon hannunsa. Ya ce, kai ɗan sana'a ne, daga tsayuwarka na gani. Sunansa Malam Ɗanjuma. Na ba shi labari, har da na zabira. Ya ce Kano ta ci amanata, Kano kuma za ta biya. Ya ba ni tabarma a zaurensa, ya ara mini aska guda, ya ce in riƙa kama masa aiki in sami na abinci. Matarsa kuwa da ta ji akwai mai jegon da ta yi kwana uku ba wanka, ta yi salati, ta sa aka kawo Habsu, ta dafa ruwa da ganye ta yi mata wanka irin na gida, ta dama mata kunun kanwa.

Da na koma ciki na tarar da Nas Ladi a bakin ƙofa. Ta ce bakin biyu sun kai juna da ƙyar, an ɗinke, yarinya na numfashi. Nan na zauna a ƙasa.

Kwanakin da suka biyo ba su da daɗi. Yarinya ta yi zazzaɓi, ta kwana biyu ba mu san inda za ta faɗa ba. An saka mata wani tiyo a ciki, ta nan ake zuba mata nonon Habsu kaɗan-kaɗan, baki kuwa har yanzu an hana. Amma dai nonon ya daina zuba a ƙasa, Habsu na tatsa a kofi tana kai wa Nas Ladi da hannu biyu.

Ranar Laraba Malam Ɗanjuma ya zo da limamin unguwarsu da goro a ɗan ƙunshi. Babu rago, babu maroƙa, babu dangi ko ɗaya. A barandar asibiti aka yi addu'a, aka raɗa mata Hauwa, muna kiranta Kulu. Nas Ladi ta ce minti biyar ta ba ni. Na shiga da askar aro na aske sauran gashin, ina kewaye allurar da ke kanta. Majinyatan ɗakin da masu jinyarsu, waɗanda ko harshen wasunsu ba na ji, suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya suna yi mana barka.

Sai da aka yi kwana goma da aiki likita ya ce a gwada baki. Da safe ne. Nas Ladi ta kawo ƙaramin cokali da nonon Habsu a ciki, likita na tsaye ya harɗe hannu. Ni ban ma san na sa tiyo a bakina ba, hannuna ne ya kai shi da kansa. Na ɗora yatsa ɗaya a wuyan Kulu. Aka ɗiga mata. Ta yamutsa fuska, ta motsa baki, sai na ji abin ya wuce ƙarƙashin yatsana, ƙwat. Muka jira tari. Muka jira kumfa. Ba ta yi baƙi ba, ba ta shaƙe ba. Ta buɗe baki tana neman ƙari.

Habsu ta miƙo hannu ta zare tiyon daga bakina. Ta ce, "Wanzam, ya isa haka. Ka gama naka." A gaban likita da nas da matar aurena na fashe da kuka, ban kuwa ji kunya ba.

Wata biyu muka yi a Kano. Malam Ɗanjuma ya sallame ni da askar nan da ƙaho biyu, Habsu ta ɗinka mini sabuwar zabira. Na sa tiyon a ciki tare da su. Tun daga ranar, in aka kira ni ga jariri mai kumfa a baki, ba na fara ɗauko ƙarfe, sai in ce kada a ba shi komai, mu tafi wurin Majo. Wasu sun ji, wasu sun kira wani wanzamin.

Kulu na nan da ranta, da ƴaƴanta da jikoki. Har yau ba ta cin tuwo da gaggawa, sai ƙananan loma, da ruwa a kusa, kuma ban taɓa ce mata ta yi sauri ba. Surukata, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya tana tuna mini cewa akwai aikin da ban ƙarasa ba. Gaskiyarta kuwa. Duk cikin sa'o'in Kulu a unguwarmu babu wanda ban cire wa hakin wuya ba. Ita kaɗai ce ke yawo da nata, kuma ita ce ɗiyar wanzami.